Farar Rumfar Bikin Amarachi

Fagge, Kano
Litinin, 14 ga Agusta

Waliu,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da aikinka. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Alhaja ta yi sauƙi, yanzu tana fitowa tsakar gida da kanta ba sai an riƙe ta ba. Gaisuwa ta ƙare, don ba ita ta sa na ɗauki biro ba.

Ka daina kiran wayata. Na ga kiranka, na ga saƙonka cewa in turo maka hotunan biki. Na rufe lambarka, domin in na ji muryarka a yanzu zan faɗi maganar da uwa ɗaya uba ɗaya ba sa faɗa wa juna. Wannan takarda direban motar Fatakwal zan ba wa a tashar New Road. Ka karanta ta a zaune.

Ka san abin da Mama Uchenna take a gidanmu. Shekara arba'in shagonta na jikin shagon Alhaja a kasuwar Sabon Gari. Ita ta kai Alhaja asibiti ranar da za a haife ka, Baba yana Gusau wajen kafa rumfa. Da ta tashi aurar da autarta Amarachi, da ƙafarta ta zo har Fagge ta ce mini: “Fausat, farar rumfa nake so, fara tas, kuma ba na son ta kowa sai ta gidan Jimoh.” Na ɗinka sababbi guda huɗu da yadi mai kauri. Abin da ya rage shi ne maganin ruwa. Ni na san na Baba, a narka kyandir da kananzir a shafe yadin. Yana wari, yana sa farin abu ya koma kamar haƙorin mai cin goro, amma shekara talatin ba a taɓa cewa rumfar Baba ta yi yoyo ba.

Kai ne ka ce, Anti, bar aikin mutanen da. Ka turo mini bidiyon ƙyalle kana zuba masa ruwa, ruwan yana gangarewa kamar a kan ganyen gwaza. Ka ce aikin hannunka ne a kamfaninku na fenti, ba ya canza launi, ba ya wari, kuma in ya kama ya kama ke nan. Ka aiko galan biyu da ’yar takarda. Tana nan gabana: “A shafa, a bari ya bushe, sannan a yi masa guga sosai ciki da bai.” Haka muka yi. Ni da masu aikina kwana biyu muna durƙushe da buroshi muna gugarsa, har tafin hannuna ya yi kanta.

Shekaranjiya Asabar aka yi biki a filin bayan coci. Wajen ƙarfe uku hadari ya taso daga gabas, mutane suka fara tattara jaka. Mama Uchenna ta karɓi lasifika daga hannun mai gabatarwa ta ce: “Kowa ya zauna! Rumfar gidan Jimoh ce wannan.” Aka yi dariya, aka zauna. Da ruwa ya sauko, na ɗan lokaci yana ta zamewa daga gefe, wasu har da tafi. Ni kuwa ina tsaye ina jin kaina a sama, ina cewa a raina ƙanena ne.

Ba a daɗe ba yadin ya fara duhu, ya yi ciki, ya fara ɗiga. Da ruwan Allah ne kawai da da sauƙi. Fari ne, Waliu, fari mai danƙo kamar an tsinka koko. Ya zuba a kan shinkafa, ya zuba a kan kek, ya zuba a kan gwaggwaron matan anko. Dangin ango da suka taho tun daga jihar Abiya suka kwashe yaransu suna tambaya ko guba ne. Aka kifar da abincin mutum ɗari uku domin ba wanda zai iya rantsewa ba guba ba ne. Ni ma ban iya ba. Amarachi ta tattare rigarta ta gudu cikin coci tana kuka.

Mama Uchenna ba ta gudu ba. Tana sanye da zanen jorjin nan mai ruwan goro da mahaifiyarta ta bar mata, wanda ba ta fito da shi sai shekara-shekara. Ta tako har inda nake, abin yana gangaro mata a kafaɗa, ta ce: “Fausat, me na yi miki?” Ba ta ɗaga murya ba. Alhaja na zaune a layin gaba tana kallo.

Na ce kuskurena ne, na sayi magani marar kyau a shagunan unguwar Bata. Ban ambaci sunanka ba, ko ga Alhaja. Ba don kai na yi ba, don hawan jininta na yi.

Yanzu ka gaya mini, mene ne a cikin galan ɗin nan?

Yayarka,
Fausat

Fatakwal
Juma’a, 18 ga Agusta

Anti Fausat,

Wa alaikumus salam. Na ji daɗin labarin ƙafar Alhaja, ki gaishe ta. Ni lafiyata ƙalau, sai mura da ruwan garin nan ya sa mini.

Kafin komai, ki je Sabon Gari yau ɗin nan ki ce duk wanda abin ya ɗiga a kayansa kada ya kuskura ya sa musu dutsen guga. A jiƙa su da ruwan sanyi da sabulu, a ɗauraye sau uku, zai fita. In zafi ya taɓa shi, ba zai ƙara fita ba har abada. Ba guba ba ne, amma da ni ne a wurin ni ma ba zan ci shinkafar ba.

Yanzu ki bari ni ma in yi magana, tunda kin rufe mini baki ta waya.

Buroshi, Anti? Wa ya ce miki buroshi? Na ce guga. Guga da dutsen guga, irin wadda ake yi wa riga! Abin nan iri biyu ne a haɗe. Akwai wani gari mai laushi da ido ba ya gani, shi ke zama a kan zare ya sa ruwa ya rasa wurin kamawa. Akwai kuma danƙon da ke riƙe garin, shi kuwa ba ya daskarewa sai ya ji zafi. Kin shafa, kin hana shi zafi, sannan kika sa ƙarti suka kankare shi kwana biyu. Abin da ya rage ruwa ya wanko shi kan mutane. Da kin ɗaga waya kin ce, Waliu, wace irin guga, da minti ɗaya ya ishe mu. Amma yaushe rabon da ki tambaye ni wani abu? Ke ce babba, ke ce kika gaji keken ɗinkin Baba, ni kuwa ɗan boko ne da ya gudu daga allura.

Kin ce shekara talatin rumfar Baba ba ta yi yoyo ba. Gaskiya ne. Kin manta tarin da ya yi ta yi shekara shida na ƙarshe? Ni ban manta ba. Ina aji uku na sakandare nake riƙe masa tukunyar kyandir, hayaƙin kananzir na shiga ƙirjinsa, yana tari yana cewa matso da wutar. Abin da ya sa na karanta wannan fanni ke nan. Shekara huɗu ina kan wannan haɗin. A ɗakin gwajinmu inji ya goge shi sau dubu biyar, ruwa bai shiga ba. An gasa shi da fitila mai zafin rana, an jiƙa shi da ruwan gishiri, bai motsa ba. Ba na son a ce aikina ne ya kasa alhali ba a bi abin da na rubuta ba.

Abin da ya sami Amarachi ya dame ni, wallahi ya dame ni, tare muka yi wasan ƙasa. Kuma ban roƙe ki ki ɗauki laifi a kanki ba. Amma tunda kin ɗauka, ki sani rabinsa dama naki ne.

Ki buɗe lambata.

Ƙanenki,
Waliu

Fagge, Kano
Litinin, 11 ga Satumba

Waliu,

Sallama. Muna lafiya. Alhaja ta daina zuwa kasuwa, ta ce ƙafa ce, amma ni na san ba ƙafa ba ce. Ba ta son ta zauna kusa da shagon da ba a amsa mata gaisuwa da fara’a. Allah ya sawwaƙe maka murar.

Takardarka sai ranar Alhamis da ta wuce ta iso hannuna. Motar ta lalace a Lakwaja, direban ya koma wata, takardar ta yi mako uku a aljihun ƙofa. Ina gama karanta layin farko na hau adaidaita sahu zuwa gidan Mama Uchenna. Ɗanta Uchenna ne ya buɗe mini. Na faɗa masa maganar guga. Ya dube ni, ya shiga ciki, ya fito da jorjin a hannu. Mako biyu bayan biki suka kai wa mai wanki, ya wanke ya goge. Ɗigon nan suna nan fari fat tun daga kafaɗa har ƙasa. Ya ɗebo ruwa a kofi ya zuba a kai a gabana, ruwan ya gangare bai jiƙa wurin ba. Ya ce: “Anti Fausat, kin ga maganinki yana aiki.” Ya rufe ƙofa.

To barka, injiniya. Ya kama a wuri ɗaya.

Na rufe lambarka, na yarda. Amma kana da lambar Uchenna. Tare kuka yi firamare. Ka san abin da dutsen guga zai yi tun ranar goma sha takwas. Me ya hana ka kira shi?

Maganar guga kuma, wane mahaluki ka taɓa gani yana yi wa rumfa mai tsawon ƙafa ashirin guga da dutse? A gidanmu in an ce a goge tamfol, buroshi ake ɗaukowa. A gidan ka tashi. Kalma ɗaya za ka ƙara, “dutse”, ba ka ƙara ba. Duk da haka na ce bari in ba ka gaskiyarka in kana da ita. Akwai saura a galan na biyu. Na yanko yadi kamu uku daga irin wancan, na shafa, ya bushe, na sa dutsen gawayi na goge shi ciki da bai da hannuna. Na zuba ruwa, ya gangare, abin sha’awa.

Sai na yi masa abin da ake yi wa rumfa. Kai ka ɗauka rumfa a bango ake rataye ta? Ana naɗe ta gida takwas, a taka ta da gwiwa, a ɗaure da igiya, a jefa bayan a-kori-kura, a ɗora ƙarafa a kanta, gobe a warware a sake. Na naɗe na warware sau goma sha biyu, aikin wata ɗaya ke nan a damina. Na shimfiɗa a kan kujeru biyu na juye bokiti. Duk inda layin naɗi ya bi, ruwa ya bi. Ya zubo a jere kamar ta rariya.

Ke nan ko da na yi maka guga irin wadda kake so, da bikin Amarachi ya tsira, na yarda, amma da na wani ne zai jiƙe a watan gobe, da sunan Baba a jikin rumfar. Na sa yankin a cikin wannan ƙunshi, na bi layukan da alli. Ka kai wa injin naka.

Tambayata ɗaya ce, kuma kada ka kawo mini tarin Baba a amsarta, ni na yi jinyarsa. Kafin ka aiko mini galan, sau nawa ka naɗe shi?

Fausat

Fatakwal
Talata, 19 ga Satumba

Anti,

Na sami ƙunshin. Ina lafiya. Ki gaishe da Alhaja.

Ko sau ɗaya ban naɗe shi ba.

Gwajinmu duka a kan ƙyalle ne mai faɗin tafin hannu, a miƙe, an ɗaure shi a faranti. Akwai wata abokiyar aikina, Ifeoma, tun watan Afrilu ta ce mini danƙon nan yana da tauri da yawa, in yadi ya karye zai tsage. Na ce mata mu gama wannan tukuna. Na kai yankinki ƙarƙashin madubin gwaji, na ga abin da ta faɗa, ya fashe a kan layin kamar busasshen taɓo. Kwana biyu ina neman inda kika yi kuskure a gwajinki. Ban samu ba.

Akwai abin da ban gaya miki ba. Ba a taɓa shafa shi a kan wani abu da ya fi hankici girma ba. Rumfunanki ne na farko. Manajanmu ya ce ba zai sa shi cikin kayan da za a nuna a baje kolin watan Nuwamba ba sai ya ga ya yi aiki a waje, a hannun mutane. Shi ya sa na matsa miki, shi ya sa nake ta neman hotuna. Na gaya wa kaina taimakonki nake yi. Da na ce miki gwaji ne, na san ba za ki sa shi a bikin Amarachi ba, don haka ban ce ba.

Lambar Uchenna kuwa, na fito da ita ranar da na karanta takardarki ta farko. Na daɗe ina kallonta. In na kira shi, dole in gaya masa yadda aka yi na san abin da ke cikin maganin. Sai na rubuta a takarda na ba direba, na ce ai za ta isa cikin kwana biyu.

Jiya na kai wa manaja yankin naki da allinsa. An cire haɗin daga baje koli, an ba Ifeoma ragamar aikin, ni zan riƙa yi mata gwaji. Ban yi musu ba.

Amma zan faɗi wannan ko za ki ƙara jin haushi. Ranar da na kawo takardar digirina gida, kin ce in ajiye ta in zo in riƙe miki bakin tamfol. Ina son rana ɗaya ki kira ni ki ce abin da na karanta ya yi wa gidanmu amfani. Son jin wannan kalma ne ya kai ni ga abin da na yi. Ba hujja ba ce. Ki gaya wa Mama Uchenna gaskiya, ki gaya wa Alhaja. In kin fi so, ni zan rubuta musu.

Waliu

Fagge, Kano
Litinin, 2 ga Oktoba

Waliu,

Assalamu alaikum. Muna nan lafiya, ruwa ya kusa ɗaukewa.

Na karanta takardarka sau ɗaya, na sa ta ƙarƙashin keke, na yi kwana uku ban taɓa ta ba. Da kuskure ne da tuni na huce, kowa na yi. Amma ka zauna ka auna, ka ga cewa in ka faɗa mini gaskiya zan ƙi, sai ka ɓoye. Ka mai da ni da Amarachi da tsohuwar da ta ga ranar haihuwarka abin gwajinka. Wannan ban san ranar da zai bar raina ba, kuma ba zan yi maka ƙaryar cewa ya bari ba.

Ba za ka rubuta musu ba. Takarda ta yi mana isasshiyar ɓarna. Za ka zo da ƙafarka ka durƙusa a falon Mama Uchenna, ka faɗa da bakinka. Amma ban jira ka ba, don ba zan ci gaba da ɗaukar ƙaryar maganin Bata ba. Na fara da Alhaja, bayan ta sha maganinta. Ta saurare ni har ƙarshe, ta ce in miƙo mata mayafi. Muka tafi tare.

Mama Uchenna ta bar mu a tsaye kafin ta ce mu zauna. Alhaja ce ta yi magana. Da ta gama, Mama Uchenna ta ce: “Waliu? Waliu da na goya?” Can ta juyo gare ni ta ce: “Ke kuma kika dube ni ranar nan kika yi mini ƙarya.” Na ce na yi. Ta ce zane ya riga ya tafi, ba ta son a ƙara tayar da maganarsa. Ta kawo wa Alhaja ruwa. Ni ba ta kawo mini ba.

Jiya Lahadi aka yi taron godiyar cikarta shekara saba’in, a filin nan dai. Ta gayyaci Alhaja, ta ce in na ga dama in rako ta. Ba ta nemi rumfata ba. Ta Celestine ta ɗauka, mutumin Abiya Road ɗin nan da ya koyi ɗinki a hannun Baba kafin ya buɗe nasa. Na zauna a ƙarƙashin rumfar wani a taron gidan da ba a taɓa kafa ta wani ba. Aka yi yayyafi mai ɗan ƙarfi, mutane suka ɗaga kai sama gaba ɗaya, sannan suka juyo suna kallona. Ko ɗigo bai sauko ba. Na zauna har aka tashi, na taya su tattara kujeru.

Alhaja ta koma kasuwa yau da safe. Ban san yadda za su kasance ba, amma ta tafi da goro.

Ka ce kana son in kira ka in ce karatunka ya yi amfani. Ranar da ya yi zan faɗa, ba na rowar gaskiya. Ka ce wa Ifeoma in tana son sanin yadda ake naɗe rumfa ta tambaye ni, zan nuna mata, ita ta san abin da take yi. Farare huɗun nan suna ɗaki, ba mai haya, kowa a Sabon Gari ya san su.

Lambarka tana nan a rufe sai ranar da ka sauka a New Road. Alhaja ta ce in tambaye ka ko kana cin abinci sosai, wai muryarka ta canza da kuka yi waya. Saƙonta ne, na isar.

Yayarka,
Fausat